Wayar wayarin 2.5mm a matsayin eriya, abin da na gani bayan wata shida

Jama'a wannan nadin waya mai jar roba da ake wayarin ɗin gida da ita, a kasuwar Sabon Gari na saya nan Kano, ba zan faɗi shago ba. Niyyata in haɗa eriyar rediyo irin dipole, wato waya ɓangare biyu da ake jonawa a tsakiya, ta zangon firikwensin da ake kira mita 20 (sunan zangon ne, ba tsawon wayar ba), don wayar eriya ta musamman sai an yo odarta daga waje kuma kuɗin kawowa kaɗai ya isa ya sa mutum ya haƙura.

Lissafin da kowa ya sani shi ne ka raba 143 da firikwensi ka samu tsawon eriyar a mita, to 14.2 MHz ya ba ni mita 10 da ɗan ɗoriya, kowane ɓangare mita 5 da santimita 3. Na yanka daidai wa daida, na ɗaga ta, na jona NanoVNA, na'urar gwada eriya, ina jiran in ga SWR, wato ma'aunin siginal ɗin da ke dawowa baya daga eriya, ya faɗi a 14.2, ai kuwa sai ga shi can ƙasa wajen 13.7. Wallahi da farko na ɗauka tef ɗina ne ya ci amanata, sau biyu ina sauke ta ina sake awo cikin rana. Ashe robar ce. Wancan 143 ɗin na waya tsirara ne, ita kuwa robar da ke jikin wayar tana ɗan rage wa siginal gudu, sai eriyar ta zama kamar ta fi tsawonta na gaskiya da kashi 3 ko 4 cikin ɗari. Sai da na rage kusan santimita 17 kowane gefe sannan ta zauna inda nake so, kuma kaɗan kaɗan na dinga yanka, don in ka zarce sai ƙari kuma ƙarin nan ba ya daɗi.

Kaurinta ya yi min, ta fi siririyar wayar da na taɓa kwancewa daga tsohuwar taransifoma, waccan da ka ɗan matsa firikwensi gefe SWR ya haura, wannan kuwa tana ɗaukar zangon da ɗan faɗi.

Inda ta ba ni haushi shi ne miƙewa. Jan ƙarfen wayarin laushi gare shi, na ɗaure ta tamau tsakanin darbejiya da fol, bayan zafin Afrilu da iskar farkon damina sai na ga ta yi ciki, firikwensin ya sake sauka, dole na ƙara datsewa. Kusa da rufin kwano ma tana canja hali, gara ka auna ta a inda za ta zauna.

Sannan ka kankare bakin wayar da wuƙa tun a shago, in ka ga fari a ciki to alminiyam ce aka shafa mata jan ƙarfe, tana karyewa kuma dalma ba ta kama ta da kyau. Tawa dai ja ce har ciki, kuma ragowar nadin zan yi eriyar zangon mita 40 da shi in Allah ya kai mu bayan damina.