Garejin da ya gano inda man giyar jirginmu yake tafiya

Jirgin ruwan da nake tuƙawa a Legas na maigidana ne, na shaƙatawa, daga Ikoyi zuwa Tarkwa Bay ko Ilashe ranar Asabar da Lahadi. Injinsa MerCruiser ne, yana zaune a cikin jirgin ta baya, ƙafar da ke ɗauke da giya da farfela kuma tana waje cikin ruwa. Alpha One ce, samfuri na biyu da aka fara fitarwa a 1991. Ni ɗan Yawuri ne, da Yamaha 40 na saba, wanda in ya yi gardama sai a kwance shi daga kwale-kwale a kai wa bakanike. Wannan kuwa sai an fito da jirgin gaba ɗaya kan tudu, shi ya sa duk gyaran da aka yi a kan zato yake da ciwo a aljihu.

A ɗakin inji akwai wata 'yar kwalbar roba da ke riƙe da man giya, tiyo ya taso daga gindinta ya ratsa bayan jirgi ya shiga ƙafar. In mai ya yi ƙasa a kwalbar sai ƙararrawa ta kama ƙara. Tamu ta fara wannan hali. In cika, mu fita mu dawo, in tarar ta ragu. Abin mamakin, babu ko ɗigo a ƙasan ɗakin inji, kuma babu sheƙin mai a kan ruwa inda muke ɗaure jirgin.

Bakaniken farko ko murfin inji bai ɗaga ba ya ce sil ɗin farfela ne, wato robar da ke hana mai fita ta bayan farfela. Ba zan ce hauka ya yi ba, don a ruwan Legas shi ne mai laifi sau da yawa. Zaren fatsa da guntun raga suna naɗewa a bayan farfela, su yi zafi su narke, su yanka leɓen robar. Ya canza, ya karɓi kuɗinsa, mai ya ci gaba da tafiya yadda ya saba.

Direban wani jirgi ne ya kwatanta mini garejin wani dattijo a bakin ruwa ta wajen Ajah, kuma a kansa nake wannan rubutu.

Kafin ya taɓa sifana sai da ya tambaye ni yaushe aka canza man, kuma ta ina aka zuba. Ashe idan an canza mai, iska kan maƙale a ciki, sai kwalbar ta ragu a fita ɗaya ko biyu ta tsaya, wannan ba yoyo ba ne. Haka kuma ta ramin ƙasan ƙafar ake tura mai da famfo har ya ɓullo ta ramin sama, wanda ya zuba ta sama ya cika ƙafar da iska. Da na ce masa an daɗe da canzawa kuma raguwar ba ta tsaya ba, sai ya ce, "To Malam, bari mu ji ta bakin ƙafar."

Ya sa farin kwano ya kwance sukurun ƙasa. Man da aka tanada wa wannan ƙafa, Quicksilver mai lamba 90, shuɗi-shuɗi ne mai ratsin kore idan sabo ne. Namu ya fito ya ɗan yi fari-fari, alamar ruwa ya gauraya da shi, amma ba tsabar ruwa ce ta fara zuba ba, wanda da ya fi muni. A kan sukurun akwai maganaɗisu. Ya shafo abin da ya manne ya murza tsakanin yatsunsa, ya miƙo mini in taɓa: laushi ne, ba ya kartar hannu. Ya ce wannan cin yau da kullum ne, ɓarɓashi mai kaifi shi ke nuna haƙoran giya sun fara karyewa. Ya duba washar sukurorin biyu ma, na ramin sama da na ƙasa, domin wata ƙafar duk ciwonta washa ce da aka maimaita har ta tsage.

Daga nan suka sa giya a gaba, suka kwance notuna shida, yara biyu suka janyo ƙafar. Tana rabuwa da jirgin sai ga mai da ruwa suna kwarara daga cikin robar zugazugi, wato babbar robar nan mai ninki-ninki da ke lulluɓe kuros ɗin shaf don kada ruwa ya taɓa shi. Wurin da giris kawai ya kamata a gani. Nan man namu yake taruwa, shi ya sa ba ya fitowa kan ruwa.

Ni a nan na ɗauka magana ta ƙare, amma Baba bai yarda ba. Ya ɗaura wani ɗan famfon hannu mai geji a ramin sama, ya buga iska har allura ta hau psi 10 a ma'aunin ƙarfin iska, ya ce kada a wuce 15 don kada a ture sil mai lafiya. Allura ta fara sauka a hankali. Sai ya bi kowace mahaɗa da ruwan sabulu, kamar mai faci yana neman hujin tayar babur: bayan farfela, wurin sandar canza giya, tsakanin rabin sama da na ƙasa, yana juya shaf da hannu. Ko'ina shiru, sai a sil ɗin sama inda shaf ɗin kuros yake shiga ƙafar, nan kumfa ta tashi. Bayan haka ya juya gwajin, ya zuƙe iskar waje. Dalilinsa shi ne sil ɗin farfela biyu ne sun ba juna baya, ɗaya yana hana mai fita, ɗaya yana hana ruwa shiga, kuma bugun iska ɗaya daga cikinsu kaɗai yake gwadawa.

Asalin ciwon ma ba sil ba ne. Robar zugazugin ce ta tsage a cikin ninki ta ƙasa, ruwan gishiri ya shiga ya kwanta, tsatsa ta ci ƙarfen da leɓen sil yake gogawa a kai har ta yi masa zobe da farce yake kamawa. Da sabon sil kawai aka sa a kan wannan ƙarfe, da bai daɗe ba. Ya canza ƙarfen, da sil, da robar, da boris ɗin da shaf yake ratsawa a bayan jirgi, wanda ruwan ya riga ya sa shi gurnani. Kafin ya zuba mai ya sake buga iska, muka zauna muna kallon allura ta ƙi motsi. Sannan ya tura kusan lita biyu ta ƙasa.

Garejin yana da nasa aibun. Baba ba ya ɗaukar waya, sai ka je da ƙafarka. Kuɗin gwaji daban yake karɓa ko da ba za ka yi gyaran a wurinsa ba, kuma ba ya ragi. Kayan gyara ba ya ajiyewa, sai an yi odarsu, farashinsu kuma dala yake bi, don haka jirgin ya yi zaman da maigida ya fara kirana safe da yamma. Yaransa sun bar mini tabon hannu baƙi ƙirin a kan fararen kujeru, ni na sha wankinsu. Amma tsofaffin kayan da ya cire duk ya zuba mini a leda na kai wa maigida ya gani da idonsa, abin da na farkon bai yi ba.

Tun daga lokacin kwalbar tana kan layinta. Ya ce in riƙa canza man duk awa 100 ko sau ɗaya a shekara, da sababbin washa kowane karo, in kuma riƙa cire farfela ina duba zare. Wanda zai je, ya tafi da mansa na asali a hannu, ya kuma daidaita zuwansa da cikar ruwa, don mashigar garejin ba ta da zurfi, in ruwa ya janye sai an ɗaga ƙafa ana tura jirgi da gora.