Launukan hamada sun yi, amma gwangwanin banish ya kusa cinye mini wahalar mako biyar

Jama'a, wannan akwatin fentin hamada da masu harhaɗa ƙananan jiragen sama na kwaikwayo suke ta yabo, mai kwalaben launi uku da kwalbar ruwan datti (na sa jirgi ya yi kamar ya sha aiki) da gwangwanin banish mai kashe ƙyalli, ni ma na saya. Na daɗe ina juya maganar a raina kafin na rubuta, don ba na son in zalunci kowa, amma abin da ya same ni ba na fatan ya sami wani.

Jirgin da na saye shi dominsa Hawker Hurricane ne, sikeli 1/48, wato an rage girman na gaske sau 48, faɗin fikafikansa ya ɗan haura santimita 25 kaɗan. Ba haka kawai na zaɓe shi ba. Marigayi kakana ya sha ba mu labarin jiragen Ingila da ke sauka a Kano lokacin yaƙin Hitila, da yadda yara ke rugawa kallo. Sai da na girma na gane abin da ya gani. Da Italiya ta shiga yaƙi a Yunin 1940, hanyar Bahar Rum ta zama haɗari, sai aka koma kawo jirage cikin akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi, a Ghana ta yau, a harhaɗa su a can, su taso ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wato Njamena, su ratsa Sudan har Khartoum, sannan su bi kogin Nilu zuwa Masar. Tun Satumbar 1940 aka fara, jirgin Blenheim a gaba yana nuna hanya, Hurricane na biye da shi. Burina ke nan, in yi jirgi irin wanda ya sha ranarmu da ƙurarmu, da matatar iskar nan ta Vokes a ƙarƙashin hancinsa, wadda ke hana yashi shiga injin Merlin.

Gaskiya ɗaya ce, launuka biyun na sama sun burge ni. Ruwan ƙasa mai duhu da ruwan rairayi, waɗanda sojan saman Ingila ke kira Dark Earth da Middle Stone, sun fita yadda nake ganinsu a raina. Na sirka su da tina rabi da rabi, suka bi ta bindigar feshi sumul, ba tofi ba toshewa. Na fara da mai haske, ya kwana biyu, sannan na murza gam mai kama da cingam na yi siraran igiyoyi, na shimfiɗa su bisa zanen ɓad-da-kama, na cike tsakaninsu da salatif na takarda, na fesa mai duhun. Da na ɗaye, ko ƙwarzane babu, bakin launin ya fito da ɗan laushi, ba kaifi kamar an yanka da reza ba. Ranar har kiran uwargida na yi daga kicin ta zo ta gani, ta ce, "Baban Yara, wannan kam sai ka ce zai tashi." Da a ranar na rubuta sharhin nan, da yabo kawai za ku karanta.

Tsufar da jirgi shi ne wurin da na fi ba wa lokaci, don nan ake gane wanda ya san jirgin da wanda bai sani ba. Hurricane ba ƙarfe ba ne gaba ɗayansa. Daga bayan kujerar matuƙi zuwa wutsiya, bututun ƙarfe ne da siraran katako aka lulluɓe da yadi. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ga an bi bayan Hurricane da ɗigon azurfa wai fenti ya ɓare, yadi ai ba ya nuna ƙarfe. Ni a hancin jirgi kawai na yi, da gindin fiffike na hagu inda matuƙi ke takawa, da murafun bindigogi takwas ɗin nan, huɗu a kowane fiffike. Guntun soso na yaga, na kama shi da hantsaki, na tsoma a fenti, na goge a takarda har ya kusa bushewa, sannan na riƙa dangwalawa a hankali. Ruwan dattin da ke cikin akwatin ma ya yi aikinsa, ya bi tsagogin jiki da kansa, na share ragowar da audugar goge kunne. Baƙin hayaƙin salansa da ƙurar da ke kan tayoyi da ƙarƙashin fikafikai kuwa da garin alli mai launi na yi su, dare huɗu ina yi da ƙaramin buroshi bayan isha'i, ina dubawa da fitilar waya.

Saura banish kawai, a kashe ƙyalli a huta.

Ranar Asabar ce da hantsi. Na girgiza gwangwanin fiye da minti biyu kamar yadda aka rubuta a jikinsa, na ba da tazarar da suka ce, kamar taƙi ɗaya, na bi jirgin sau biyu shara-shara. Da farko lafiya lau. Na shiga ciki na sha ruwa, ban fi minti goma ba na dawo. Wallahi sai na ga kamar an barbaɗa wa jirgin garin tuwo. Fari fat a gindin fikafikai da kewayen matatar iska, sauran jikin kuma ya yi toka-toka kamar motar da ta kwana waje cikin hazon hunturu. Tambarin nan mai shuɗi da ja da ke bisa fikafikai ya koɗe, ruwan ƙasa da ruwan rairayi sun kusa zama abu ɗaya. Na sa yatsa na shafa, ba ya gogewa, kaushi kawai kamar sanfefa. Na zauna a bakin baranda riƙe da shi, na kasa cewa komai. Ƙaramin ɗana da ke ta jiran ranar gamawa ya zo ya tsaya a kaina ya ce, "Baba, me ya same shi?" Ban iya ba shi amsa ba. Mako biyar fa, kuma jirgin da nake yi don tunawa da kakana.

Da hankalina ya dawo, sai na fara zargin yanayi. Agusta ce, an yi ruwa daren, kuma kowa ya san laima na sa banish ya yi fari, saboda danshi na maƙalewa a cikinsa kafin ya bushe. Don haka ban yi gaggawar ɗora wa kowa laifi ba. Na jira har aka yi kwana uku ba ruwa, rana ta take, na jiƙa gwangwanin a ruwan ɗumi, na girgiza shi minti biyar cur, na gwada a kan cokulan roba uku da na riga na fenta. Duk ukun suka yi fari. Na ari gwangwanin wani aboki, na wani kamfani daban, na fesa wa cokali na huɗu a wuri ɗaya, a sa'a ɗaya, ya fito tas. To daga nan magana ta ƙare. Ko dai garin da ke kashe ƙyallin ya yi yawa a cikin nawa, ko gwangwanin ya tsufa a shago, kuma babu kwanan wata ko ɗaya a jikinsa.

Na tura wa mai kayan hotuna, har da na cokulan. Amsarsa ita ce, "Alhaji, ai damina ce, haka yake yi." Na ce, "Malam, duba cokali na huɗu, shi ma a daminar aka fesa shi." Ya karanta, shiru har yau. Wannan shirun ya fi farin ƙona mini rai. Da ya ce yi haƙuri, da ko kwabo ba zan nema ba.

An dai ceto jirgin, Alhamdu lillahi. Wani dattijo cikinmu masu harhaɗa jirage ya ba ni shawarar in bi shi da banish mai ƙyalli, siriri-siriri, don ya cike kaushin da ke watsa haske. Shafe na biyu sai ga launuka suna dawowa a gaban idona, har sai da na yi hamdala a fili. Na bar shi kwana uku, na rufe da na abokina. Wanda bai san abin da ya faru ba zai ce ya yi kyau, kuma launukan nan biyu har yanzu ina son su, ba zan ƙi faɗa ba.

Sai dai duk lokacin da na ɗauke shi sai abin ya dawo mini sabo. Ƙurar allin da na kwashe dare huɗu ina yi ta narke cikin ruwan mai ƙyalli, babu ita. Na sake yi, amma hannuna bai maimaita na farkon ba. Shafe biyar da ya sha sun cike ƙananan ƙusoshin da ke kan fikafikai, kuma tambarin fiffiken dama har yanzu da hazo a gefensa. Sannan tunda ana tone-tone, kwalbar shuɗin da ake fenta ƙarƙashin jirgin da shi, Azure Blue, ita ma ba lafiya ta zo ba. Na buɗe ta na tarar ta yi kauri kamar kunun da ya kwana, da gudaji a gindi, sau biyu tana toshe mini bakin bindiga, sai da na tace ta da ƙyallen tsohon mayafi. A lokacin na yafe don murnar sauran biyun. Yanzu da na haɗa lissafi, abu biyar na biya, biyu sun zo da ciwo, ɗaya ya kusa kai jirgin bola.

In ana sayar da ruwan ƙasa da ruwan rairayin su kaɗai, gobe ma zan saya, don akwai Blenheim da nake son yi ya tsaya gaban wannan. Akwatin gaba ɗaya kuwa ba da kuɗina ba kuma. Wanda ya riga ya saya, don Allah ya nemi cokalin roba ya gwada kafin gwangwanin nan ya kusanci jirginsa. Nawa yana nan bisa kanta tare da cokulan huɗu, na ajiye su har ranar da mai kayan zai amsa saƙona.