Rigakafin mutum da dabba a rumfa ɗaya: abin da na gani a kan iyaka

Na shafe shekaru ina sayo shanu daga ƙasar Damagaram ina kawowa kasuwannin Jigawa da Kano. Da na ji an kafa rumfar rigakafi ta haɗin gwiwa a wani mashigi na ɓangaren Nijar da makiyaya ke bi bayan kaka, sai na kai garken da ke hannuna tare da iyalin makiyayin da ke kula mini da shi, domin in ga ko hidimar ta kai yadda ake yabonta.

Tsarin mai sauƙi ne, kuma a nan ƙarfinsa yake. Malaman dabbobi suna gefe guda suna yi wa shanu allurar ciwon huhu, malaman asibiti kuma suna ƙarƙashin wata bishiya suna yi wa yara rigakafin ƙyanda da shan inna, suna duba mata masu juna biyu. Mota ɗaya ce ta kawo su duka, da magungunansu a akwatunan sanyi. Duk wanda ya san Bafillace ya san ba zai bar garkensa ya yi tafiyar yini guda domin allurar yaro ba, amma idan an ce shanu za a yi wa, da asuba za a gan shi, kuma iyalinsa na biye. Dabarar ba sabuwa ba ce, domin an gwada ta a Chadi tun shekarar 2000, bayan an lura cewa shanun makiyaya sun fi 'ya'yansu samun rigakafi.

Abin da ya fi burge ni shi ne tambayoyin da malamin dabbobin ya yi. Bai tsaya ga allura ba, sai da ya tambayi makiyayin ko tumaki sun yi ɓari da yawa a bana, da kuma ko wani a ruga ya kamu da zazzaɓi bayan fiɗar dabba, sannan ya miƙa amsar ga malamar asibiti. Wanda ya tuna zazzaɓin Rift Valley da ya ɓarke a yankin Cintabaraden na jihar Tawa a 2016, inda dabbobi suka yi ta ɓari, makiyaya kuma suka rasa rayukansu, zai fahimci nauyin wannan tambaya.

Sai dai haɗin gwiwar ta tsaya ne a daidai inda iyaka ta fara. Takardar da aka ba mu da Faransanci aka rubuta ta, kuma da muka ƙetare, jami'in da ya karɓa ya juya ta gaba da baya, ya ce ba shi da umarni a kanta. Tun 1998 ECOWAS ta amince da takardar ƙetare iyaka ta makiyaya, wadda ke nuna yawan garke da alluran da aka yi masa da hanyar da zai bi, amma Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, kuma ƙananan ma'aikata sun shiga ruɗani. Na tambayi malaman rumfar ko suna da lambar wayar takwarorinsu na tsallake, suka ce rahoto sai ya je babban birni kafin ya dawo, alhali saniya a yini ɗaya take ƙetarewa.

Ɓangaren kula da muhallin da mutum da dabba ke rayuwa a ciki kuwa, a baki kawai na ji shi. Kusa da tabkin da mutane da dabbobi ke sha akwai mushen saniya da ba wanda ya binne, duk da cewa ƙwayar ciwon saifa (anthrax), cutar da ke kama dabba da mutum, tana iya fita daga mushe ta daɗe shekaru a cikin ƙasa, kuma a 2023 cutar ta ɓulla a arewacin Ghana a watan Yuni, aka tabbatar da ita a Suleja a watan Yuli.

Duk da haka zan sake kai garkena, kuma ina ba fatake da makiyaya shawarar su je da sassafe kafin layi ya yi tsawo, su riƙe katin rigakafin yara, su kuma roƙi malamin ya rubuta sunan allurar da ranarta a fili yadda na tsallake zai iya karantawa.