Gargaɗi ga masu motoci a Katsina: ku yi hattara da 'yan “kawo taka ka yi ciko”

Assalamu alaikum, jama'ar Katsina da kewaye. Abin da aka yi wa yayana bayan babbar Sallah ne ya sa ni wannan rubutu, don har yau idan na tuna zuciyata tafasa take yi. Mutum ne da ya shekara talatin da biyar yana koyarwa, ya yi ritaya, duk abin da ya mallaka na hawa shi ne Corolla ƙirar 2005 da ya riƙe kamar ƙwai. Yara sun girma, ya ga ya kamata ya sayar ya ƙara kuɗi ya sayi wadda ta fi ta faɗi. Sai ya manna takarda a gilashin baya da lambar wayarsa, ya kuma sa hotonta a Facebook.

Kwana biyu da sa hoton wani ya zo. Ya zagaya motar, ya buɗe bonet, ya zaro sandar baƙin mai ya murza a yatsa, ya girgiza kai ya ce inji ya fara shan mai. Ya taya miliyan 4.2. Yaya ya ce albarka, don shi miliyan 5.5 yake nema, kuma haka ya ji ana sayar da irinta. Washegari wani ya zo ya ce giya tana fizga, ya taya miliyan 4. Na uku ko zama cikinta bai yi ba, ya ƙwanƙwasa ƙofar baya ya ce an yi ciko da fenti, ya yi miliyan 3.8 ya tafi. Cikin mako guda mutumin da ya san motarsa lafiya lau ya fara shakkar kansa. Ranar ya ce mini, “Anya ba ni ne na tsauwala ba?”

Daidai wannan gaɓa na huɗu ya bayyana, da babbar riga da carbi a hannu, bakinsa kamar zuma. “Baba malam, ai waɗannan yaran ba su san darajar mota ba. Ni zan karɓe ta a miliyan 4.8, don girmanka. Akwai Camry ƙirar 2010 a wurina, sai ka yi ciko kawai ka hau abarka yau ɗin nan.” Wanda aka taya wa 3.8 jiya, yau a ce masa 4.8, ai gani zai yi Allah ne ya kawo masa mai ceto. Aka yi wa Camry kuɗi miliyan 8.3, ya cika miliyan 3.5 daga kuɗin sallamarsa na aiki. Daga baya muka gano dukkan su huɗun bakinsu ɗaya. Wani maƙwabcinmu ya gan su tare a teburin mai shayi, har da bakaniken da suka kawo wai ya duba wa Yaya motar.

Malamai suna karantar da mu haramcin najashu, wato mutum ya ƙara wa kaya kuɗi ba don zai saya ba sai don ya ruɗi mai saye. Waɗannan sun juya shi ne, suna karya farashi a jere har mai kaya ya sare.

Ga inda dabarar take, kuma nan nake so kowa ya tsaya ya duba da kyau. A musaya ciniki biyu ake yi lokaci guda: ana sayen taka, ana sayar maka da wata. Amma adadi ɗaya tak ake sa maka a gaba, wato ciko. Muddin hankalinka yana kan ciko, dillali zai iya ɗaga kuɗin motarka ya faranta maka rai, sannan ya ɗora ninkin abin da ya ƙara a kan tasa. Naira dubu 700 aka rage wa Yaya a Corolla. A Camry kuwa, wadda masana suka ce ko takardunta na da kyau ba za ta wuce miliyan 6.5 ba, an ɗora masa miliyan 1.8. Miliyan biyu da rabi ke nan, a yini ɗaya, yana godiya yana sa albarka.

Me ya sa ba za ta wuce haka ba? Domin ba 2010 ba ce. Ranar da muka je canjin sunan mai mota, wani matashi ya leƙa ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, inda lambar shasi take. Lambar nan harafi da alƙaluma 17 ce, kuma a motocin da aka ƙera don Amurka, na goma a jerin shi ke nuna shekara. Da 2010 ce, harafin A za a gani. Abin da muka gani 7 ne, wato 2007. An canja mata bamba da fitilu ne kawai aka yi mata kwalliyar ta 2010. Ko injin ya isa shaida, don mai silinda huɗu ta 2007 lita 2.4 ce, ta 2010 kuma 2.5. Da muka ɗora takardar duti, wato shaidar biyan harajin kwastan, kusa da lambar, sai ga alƙaluman ƙarshe sun saɓa. Takardar wata motar ce daban. Yaya ya zauna a kan benci ya cire hula ya riƙe a hannu, ya daɗe bai ce uffan ba.

Mu da muke bakin iyaka, maganar duti ba abin wasa ba ce. Tun ranar 1 ga Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, aka ce sai ta tashar jiragen ruwa, amma kowa ya san ba a daina ratso daji da su ta wajen Jibiya da Kongolam ba. Irin waɗannan motoci su ne suka fi daɗin turawa ta hanyar musaya, saboda mai saye da tsabar kuɗi yakan tsaya bincike, mai musaya kuwa ɗokin sabuwar mota ya rufe masa ido. Ranar da jami'an kwastan suka tare ka a hanyar Kano, kai za a kama da ita, dillali yana gida.

Kada a ce na yi wa dillalai kuɗin goro. Akwai masu amana da yawa a garin nan, kuma ko wurin mai amana, kuɗin musaya dole ya gaza na sayarwa kai tsaye. Shi zai gyara, ya wanke, ya ajiye ta wata ɗaya ko uku kuɗinsa na kwance, ya biya yaransa, ya nemi riba. Wannan ragi halal ne, ladan hutar da kai ne. Bambancin shi ne mai gaskiya zai gaya maka ƙarara: taka kaza, tawa kaza. Ka ce masa, “Alhaji, in ba musaya, nawa za ka sayi tawa kuɗi hannu? Nawa kuma za ka sallama taka ga wanda bai kawo mota ba?” Wanda ya fara kwana-kwana a kan waɗannan tambayoyi biyu, ɗauki makullinka ka tafi.

Kafin ma ka je, ka san kuɗin motarka. Ka kewaya wuraren sayar da motoci uku ko huɗu kamar mai saye, ka tambayi irin taka, shekara ɗaya, inji ɗaya. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 naira kuma ta faɗi, farashin motoci ya yi tashin da mai tsohon lissafi a ka zai iya sayar da tasa rabin kuɗi yana murna ya ci riba. Bakanike kuma naka za ka kai, wanda kai ka biya shi.

Sayarwa da kanka ta fi kawo kuɗi, amma ita ma da nata tarkon. Kada ka miƙa makulli da takardu don an nuna maka alat a waya; ka buɗe asusunka ka ga kuɗin sun zauna. Mai son gwada mota ka shiga tare da shi, da wani naka a baya. Mai kawo cek ranar Juma'a da yamma ya jira Litinin. Gaskiya ne dokar 1977 ta tanadi ɗaurin shekara biyu ga mai ba da cek na bogi, amma kafin a kamo shi motarka ta tsallaka Maraɗi. A rubuta yarjejeniya da shaidu, a sa lambar shasi da ta inji a ciki, a kuma yi canjin suna ba tare da jinkiri ba.

Mun kai ƙara wurin 'yan sanda, mun kuma sanar da shugabannin masu sayar da motoci, ana kan bincike. Mai babbar rigar ya kashe layinsa, Corolla kuma an ce tuni ta bar gari. Camry tana tsakar gida an lulluɓe ta da tamfol, Yaya ya koma hawa Keke Napep zuwa asibiti duba hawan jininsa. Duk wanda ya sa motarsa a kasuwa kwanan nan ya ga masu tayi suna zuwa a jere kowa na ƙasa da na jiya, sannan wani ya biyo baya da maganar ciko, don Allah ya riƙe lambobin wayarsu ya kai ofishin 'yan sanda mafi kusa. Ku tura wa 'yan uwa na Daura da Funtuwa da Malumfashi, musamman dattawan da suka karɓi kuɗin sallama.