Barre a Turanci: helm ko tiller?

Mai fassara littafin tuƙin jirgin ruwa mai tafiya da iska daga Faransanci zuwa Turanci ba zai rasa cin karo da kalmar barre ba, wato abin da matuƙi ke riƙewa ya juya jirgi. Zaɓi biyu ne a gabansa.

Helm ta fi faɗi. Ta haɗa da sanda da sitiyari duka, don haka in marubucin bai fayyace ba, ita ce mafi aminci.

Tiller kuwa sandar ce kawai, wadda Faransawa ke kira barre franche. Tana haɗe da ƙarfen da ya sauka har zuwa safran, faifan nan da ke nutse cikin ruwa a bayan jirgi. Nan fa ake yin ta: in ka tura sandar hagu, hancin jirgi dama zai yi. Sitiyari kuma, barre à roue, duk inda ka murɗa shi can jirgi zai bi. Ka sa tiller a umarnin da aka rubuta don sitiyari, ka tura ɗan koyo inda bai nufa ba, wataƙila kan duwatsu. Ni dai sai na ga zanen jirgin ido da ido kafin in rubuta tiller. In babu zane, helm nake sawa.