Thunderbird ko Outlook: amsa ga wanda shafin imel ɗin ofis ya ishe shi

Malam, na karanta tambayarka kuma na fahimci damuwar sarai. Ka ce akwatin imel ɗin ƙungiyarku, wanda kuke buɗewa ta burauza a shafin kamfanin da ya ba ku adireshi, ya gundure ka: in ka ɗan jima ba ka taɓa shi ba sai ya fitar da kai, neman tsohuwar wasiƙa a cikinsa sai an tara haƙuri, a salula kuwa rubutun ƙanana ne kamar tururuwa. Kana so ka san wadda za ka sa tsakanin Thunderbird da Outlook.

Da farko ka kwantar da hankalinka game da adireshin, domin ba zai canja ba. Wasiƙunku suna zaune ne a babbar kwamfutar kamfanin kamar hatsi a rumbu, shafin da kake ƙorafi a kansa kuwa ƙofa ɗaya ce kawai ta shiga rumbun, manhajar da za ka sa kuma wata ƙofar ce.

A nan Damagaram ma'aunin da nake auna waɗannan manhajoji da shi guda ne, wato abin da kowace take yi idan rezo ya yanke. Wata rana cikin zafin Afrilu na yi kusan awa guda ina rubuta rahoto a irin wannan shafi, ashe an ɗauke wuta tun ina tsakiya, kwamfutar ta ci gaba da batirinta amma na'urar intanet ta mutu. Da wuta ta dawo na danna aikawa, sai shafin ya mayar da ni wurin sa kalmar sirri, rubutun kuwa ko layi ɗaya ban tarar ba. Tun daga ranar na daina rubuta doguwar wasiƙa a burauza.

Thunderbird ta gidan Mozilla ce, fitowarta ta farko cikakkiya a ƙarshen 2004 aka yi, kyauta ce, tana aiki a Windows da Mac da Linux, kuma akwai ta da Faransanci. Tana sauke kwafin wasiƙunka ta ajiye a kwamfutarka, saboda haka ko babu rezo za ka karanta, ka nemi wasiƙar bara da sunan wanda ya aiko ta, ka rubuta amsa. Idan ka gama rubutu ka danna Ctrl da Shift da Enter tare, wasiƙar za ta zauna a akwatin fita tana jiran rezo, kuma tana ajiye abin da kake rubutawa duk minti 5 ba tare da ka ce mata ba. Aibinta da ya fi damun mutanenmu shi ne ranar farko: idan akwatinka ya tara wasiƙun shekaru da hotuna da takardu, za ta kama sauke su duka, forfe ɗinka ya ƙare ba ka san inda ya bi ba. Maganin yana cikin saitin akwatin, inda za ka gaya mata ta sauke na kwana 30 na baya kaɗai, kuma ta bar duk wasiƙar da nauyinta ya wuce iyakar da ka sa har sai ka buɗe ta da kanka. Fuskarta ma ba ta burge kowa, ko da yake an gyara ta sosai a 2023.

Outlook kuwa sai an yi hattara, domin abu biyu ne suke amsa suna ɗaya. Akwai tsohuwar, wadda take zuwa tare da Word da Excel cikin Office na kuɗi. Ita ma tana ajiye kwafin wasiƙu a kwamfuta, tana aiki babu rezo, kuma wajen kalanda da gayyatar taro ta fi Thunderbird armashi, musamman idan ofishinku yana kan Exchange, wato tsarin imel da kalanda na Microsoft na ma'aikatu. Idan haka ne, magana ta ƙare, ita ce taka. Sai dai a tabbata lasisin na gaske ne, ba irin wanda mai gyara yake sawa ranar da ya yi wa kwamfuta sabon Windows ba.

Sai kuma sabuwar Outlook, wadda ake samu kyauta a Windows, ita ce ta gaji manhajar Mail da Microsoft ya daina kula da ita a ƙarshen 2024. Wannan a asalinta shafin intanet ne da aka sa wa rigar manhaja, don haka aikinta idan babu rezo bai kai na tsohuwar ba, kuma wanda bai biya ba yana ganin talla a saman wasiƙunsa. Abin da ya fi wannan nauyi a wurina shi ne, idan ka haɗa ta da akwatin da ba na Microsoft ba, wasiƙunka sai sun bi ta kwamfutocin Microsoft kafin su iso gare ka. Ga wanda yake riƙe da takardun ƙungiya, wannan ba shawarar da mutum ɗaya zai yanke ba ce, sai shugabanni sun sani. A ganina wanda ya gudu daga shafin burauza ya faɗa wannan bai yi nisa ba.

Saboda haka ga ofis irin naku, mai adireshi daga ƙaramin kamfani, Thunderbird nake ba ka shawara.

Kowace ka ɗauka, za ta tambaye ka ko IMAP kake so ko POP, kuma a nan mutane da yawa suke yin asara. IMAP yana barin hatsin a rumbu, kai kana ɗibar tiya ne kawai, saboda haka abin da ka karanta ko ka share a kwamfuta haka zai bayyana a salula. POP kuwa yana iya kwashe rumbun gaba ɗaya ya zuba a kwamfuta guda, wadda in ta lalace ko aka sace ta, wasiƙun sun tafi ke nan. Ka zaɓi IMAP. Lambar ƙofarsa 993 ce, ta aikawa kuma, wato SMTP, 465 ce ko 587, sunan babbar kwamfutar kuwa wanda ya buɗe muku akwatin ne zai ba ka. Sau da yawa Thunderbird tana gano waɗannan da kanta da zarar ka sa adireshi da kalmar sirri. Ka tuna dai ba za ta ƙara wa akwatin girma ba, in ya cika sai ka kwashe tsofaffin wasiƙu zuwa jakunkunan da ke cikin kwamfutar, ka kuma riƙa ajiye kwafinsu a kile.

A salula aikin ya fi sauƙi. Manhajar Gmail da take zuwa cikin yawancin wayoyin Android tana karɓar akwatin IMAP na kowane kamfani, kuma tun Oktoba 2024 akwai Thunderbird ta Android, wadda aka gina kan wata tsohuwar manhajar imel mai suna K-9 Mail, ba ta da talla.

Wuri ɗaya ne shafin nan da ya ishe ka ya fi su duka, wato kwamfutar da ba taka ba. Idan ka shiga siba a wajen Kasuwar Dole don fitar da takarda, ko ka ari kwamfutar abokin aiki, kada ka haɗa akwatinka da wata manhaja a can, domin kwafin wasiƙunka zai zauna a ciki bayan tafiyarka. Ka buɗe ta burauza, ka ƙi yarda ta riƙe kalmar sirrinka, ka danna fita kafin ka tashi daga kujerar.