Rubutu ko ƴan hotuna a maɓallan burauza?

Ina aiki a wani shagon intanet a Jekadafari nan Gombe, kuma wallahi abin nan ya daɗe yana damuna. Da can Internet Explorer, burauzar (wato manhajar buɗe shafukan intanet) da muka fara koyo da ita, ƙarƙashin hoto akwai rubutu, Back, Refresh, Home, ka karanta ka danna shikenan. Da Chrome ya fito a 2008 sai ya zo da hotuna zalla, Firefox ma a 2014 ya cire zaɓin sa rubutu ƙarƙashin hotunan.

Hoto yana da nashi amfanin, ban musa ba. Ba ya cin wuri, musamman a waya, kuma kibiyar komawa baya ko wanda bai yi boko ba ya gane ta. Amma tauraro fa? wa ya ce tauraro na nufin ajiye shafi? Ɗigo uku ɗin nan na gefe kuwa sai an nuna maka. Rannan wani dattijo ya zo fitar da takardar JAMB ta ƴarsa, yana ta yawo da linzami a saman allo, can ya juyo yace ɗana ina wajen firintin ne, alhali yana ɓoye cikin ɗigon nan, kuma mutumin tsohon malamin makaranta ne da an rubuta da tuni ya gama.

Rubutun ma dai matsalarsa yawanci Turanci ne, kuma yana cika allo. Duk da haka ni a kwamfuta na fi son hoto da rubutu a haɗe, tunda akwai fili, su bar mana hoto zalla a waya.